Kwana Uku a Gindin Tankina

Mahaifina bai taɓa shiga masana'anta ta ƙofar gaba ba, in dai akwai ta baya. Za a share haraba, a jera kujeru, manaja ya sha kwat yana jiran baƙo, shi kuwa baƙon yana can baya tsugune a bakin magudanar ruwa da tocila a hannu, yana tambayar mai shara sau nawa ruwan nan yake canza launi a sati. Shi ya sa masu masana'antu suka sa masa suna Mai Tocila, kuma ba cikin ƙauna suke faɗa ba.

Bai yi wani karatu mai zurfi ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga wata masana'antar tace ma'adinai a matsayin mai wanke tanki, ya yi shekara talatin da ɗaya a ciki, ya fito yana shugaban ma'aikata. Abin da ya fito da shi bai wuce tabon asid a bayan hannuwansa da kunnen hagu da ƙarar injin ta kashe ba. In yana so ya ƙi jin magana, wannan kunnen yake juyo maka, kuma duk gidanmu mun sani. Da ya yi ritaya sai ya ce zai yi kiwon kaji. Kajin ba su yi wata huɗu ba suka mutu, Umma ta ce ba cuta ta kashe su ba, yawan bincike ne, don kullum sai ya ɗaga kowace kaza ya haska ƙarƙashin fukafukinta.

Ana cikin haka Madam ta zo gidanmu. Ita ce shugabar wani kamfani da ke juya kuɗin fanshon ma'aikata, na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da direbobi. Ba a daɗe ba da ta zuba jari a wata masana'anta da takardunta suka fi na kowace kyau, masana'antar ta durƙushe tun kafin ta cika shekara. Wani ya ba ta labarin cewa ranar buɗewa akwai wani tsoho da ya kalli bututun da ke fitar da dagwalo, ya ce wannan wuri ba zai kai baɗi ba. Ta nemo shi ruwa a jallo. Daga ranar, duk wanda ya je wurinta neman jari da wata sabuwar dabara ta sarrafa ma'adinai, sai ta saurare shi tsaf, ta karɓi takardunsa, sannan ta tura masa Baba.

Aiki kuwa ya same shi, don a shekarun nan duniya ta haukace da neman batir, na waya da na mota da na hasken rana. Kowane wata sai wani ya ɓullo da hanyar da ya ce ta fi kowace sauƙin fitar da litiyam ko kobalt, wato ƙarafan da ake zubawa a cikin batir. Baba ba ya musu da kowa a kan ilimi. In aka fara yi masa bayani a jikin allo sai ya gyaɗa kai kamar yana fahimta, ya jira a gama, sannan ya ce a nuna masa inda ake ajiye famfunan da suka lalace. Yana so ya san wa ke wanke ƙyallen tacewa, da ƙarfe nawa, kuma in mutumin ya yi rashin lafiya wa ke yi. Ba ya wuce awa biyu a wuri. Ya dawo gida ya rubuta rahoto shafi ɗaya da hannunsa, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kiyashi, shafin nan kuma ya isa ya buɗe ƙofa ko ya rufe ta.

A gida ma haka yake. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe shi, kafin su gama gaisawa Baba ya fita ya leƙa ƙarƙashin motarsa, ya dawo ya ce wa Umma yaron yana da kirki amma ba ya canza baƙin mai a kan lokaci. Ni ce autarsa, kuma saboda shi na karanta ilimin haɗa sinadarai. Tun ina firamare in na kawo sakamako, ko na ɗaya na zo, sai ya juya takardar ya duba bayanta, ya ce, "To, a ci gaba." Iyakar yabonsa ke nan. Na yi digiri uku ina jiran ranar da zai ce ya yi kyau, kuma ba zan ɓoye ba, har yau abin yana min ciwo.

Aikina a kan matattun batura ne. In batir ya mutu, ana niƙe shi ya zama wani baƙin gari kamar na gawayi, a cikin garin nan ƙarafa masu tsada suke. Hanyar da aka saba, ko a ƙona shi a wuta mai tsananin zafi, ko a jiƙa shi da asid mai ƙarfi da ke barin guba. Ni kuma na samo hanyar yi da asid mai sauƙi da ɗan ɗumi kawai, ruwan ma a sake amfani da shi. A kwalba ta yi aiki. Na samu ɗan tallafi, na kama hayar wani tsohon sito, na sa tankuna uku, na ɗauki ma'aikata takwas. Shugabansu wani mutum ne da muke kira Dogo, mai sanyin hali, wanda in ka ce masa gobe da asuba, to tun kafin asuba yana wurin. Sau arba'in muka gwada, in ban da na uku da ya ba mu wahala, duk suka fito lafiya. Saura a gina babbar masana'anta, ita kuwa sai da jari. Sai na ɗauki takarduna na tafi wurin Madam.

Ofishinta ba shi da wani ado, sai tebur da kujeru biyu da wata fulawa a taga da ta daɗe da bushewa ba wanda ya kula. Ta karanta shafi goma na farko, ta cire tabarau.

"Dokta, aikinki ya burge ni," in ji ta. "Amma bari in faɗa miki abin da ke hana ni barci. Ba na tsoron dabarar da za ta ƙi aiki tun ranar farko. Wannan ai sauƙi ce, sai a rufe a tafi. Wadda nake tsoro ita ce mai aiki rabi-rabi. Kullum a ce saura kaɗan, a ƙaro famfo, a canza bututu, shekara bakwai tana cin kuɗi ba ta mutu ba ba ta tashi ba."

Na ce tawa ba haka take ba, ga sakamako nan a gabanta.

"Kowa haka yake cewa, kuma yawancinsu ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya yi a tanki uku bai zama lalle ya yi a tanki ɗari ba. Tsohuwar hanya tana da ƙazanta, na yarda, amma an san halinta, an san inda take karyewa. Taki ba wanda ya san inda za ta karye, har da ke. Sannan ko ta yi aiki, in farashin litiyam ya faɗi kafin ki gama gini, wa zai sayi naki? Kuɗin nan ba nawa ba ne, na wata malamar makaranta ce da ba ta taɓa jin sunan kobalt ba. In na yi kuskure, ita ce za ta tsufa a kai."

Ta ce za ta tura wanda zai duba wurin, amma ba Baba ba, don bai dace a sa uba ya auna 'yarsa ba. Nan fa taurin kaina ya motsa. Na ce in ba shi ba, ba na son kowa. Na ce duk wanda zai ce aikina ya yi, in ba Mai Tocila ba ne, ita kanta ba za ta natsu ba. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. So nake ya tsaya a gaban tankina, a gaban mutane, ya faɗi abin da ya ƙi faɗa tun ina yarinya. Madam ta ce in dai ya yarda, ita ba ta da ja.

Bai yarda da sauƙi ba. Da na tayar masa da maganar a falo, sai ya juyo min kunnen hagu. Na zagaya ta dama na maimaita.

"Auta, ki bari a tura wani," ya ce.

"Tsoro kake ji, Baba?"

"Ƙwarai kuwa."

Umma tana ninke kaya a gefe, ta ce, "Ke dai kin cika neman magana. Mutum ya ce miki a'a, ki ƙyale shi mana." Ban ƙyale shi ba. Sati biyu ina damunsa har ya gaji ya ce to.

Ranar Litinin ya zo, ta baya kamar yadda ya saba. Ya gaisa da Dogo, ya tambaye shi iyali, ya shiga ɗakin da muke ajiye buhunan baƙin gari. Bai fi minti goma ba ya fito. Ina ta duban agogo ina jiran awa biyu ta cika, sai ga shi har la'asar yana nan. Ya kwance famfo ya mayar, ya bi kowane bututu da tocila, ya sa aka kawo masa littafin da muke rubuta zafin ruwa, ya karanta shafi-shafi yana bin layi da yatsa. Da zai tafi ya ce zai dawo gobe. Na koma gida ina ta murna, na ce wa mijina Baba ya rasa abin kamawa.

Talata ma haka ya wuni. Ya ci burodi da shayi tare da ma'aikata a kan benci, ya sa su dariya da labarin kajinsa. Na lura dai Dogo ba ya dariyar, kuma in Baba ya dube shi sai ya kau da kai.

Laraba da hantsi wata mota ta kawo sabbin buhuna daga wurin masu niƙa. Ana sauke su Baba ya ɗora hannu a kan guda ɗaya.

"Wannan za a juye a tanki," ya ce. "Yanzu, a gabana, daga mota zuwa tanki."

"Baba, ai akwai wanda muka riga muka shirya a ciki," in ji Dogo.

"Na gan shi. Wannan nake so."

Ni ban ga abin damuwa ba, ai gari gari ne. Na ce a juye. Awa ɗaya da rabi komai yana tafiya daidai, sai famfo ya fara wani irin kuka, ruwan da ke fitowa ya ragu, ya koma ɗiga, ya tsaya cak. Da aka buɗe matatar, ƙyallen ya toshe da wani taɓo mai launin toka, cike da ɓarɓashin alminiyam da gutsattsarin roba. Irin abin da ya faru ke nan a gwajinmu na uku, wanda na ɗauka sakacin ma'aikata ne, na kuma yi musu tatas a kai, har na ce duk wanda ba zai iya aiki da hankali ba ga ƙofa nan.

Baba ya kashe tocilarsa. "Dogo, ka faɗa mata, ko in faɗa?"

Dogo ya shiga ɗakin buhuna, ya fito da rariya guda uku, irin na waya, da suke rataye a bayan ƙofa. Ni na sha shiga ɗakin nan, amma ƙofar in an buɗe ta jingina take da bango, ban taɓa leƙa bayanta ba.

"Ranki ya daɗe, tun ranar da kika yi faɗan nan muke yi," ya ce, kansa a ƙasa. "Mukan riga ki zuwa da awa biyu, mu tankaɗe garin da hannu, mu cire dattin. Wallahi ba cutar ki muka yi niyya ba. Mun ga yadda kika ɗora ranki a kan aikin nan, ba mu so mu sake ganin ranki ya ɓaci."

Ya kai ni bayan siton, ya nuna min gangunan da suke zuba abin da rariya ta riƙe. Ganga goma sha ɗaya, kuma ko ba a auna ba na san akwai ƙarfe mai yawa da ya tafi tare da dattin. Wato kusan duk sakamakon da na kai wa Madam, na garin da mutum takwas suka gyara da hannu ne, ba na garin da ake sayarwa a kasuwa ba. Buhu biyar a rana ana iya tankaɗe shi da rariya, amma masana'antar da nake neman ginawa buhu ɗari huɗu za ta ci kullum. Na zauna a kan bakin ganga.

Da na dawo hayyacina sai na kama Baba da roƙo. Na ce akwai injin tankaɗe, za a saya. Na ce wata shida kawai nake bukata, ya rubuta cewa matsala ce ƙarama da ake kan gyarawa.

"Wataƙila ƙarama ce," ya ce. "Wataƙila injin zai yi, wataƙila zai zubar da rabin ƙarfen. Ba ki gwada ba, ni ma ban gani ba. Abin da na gani zan rubuta."

"Ko don ni, Baba?"

Bai juyo min kunnen hagu ba a wannan karon. Ya ji sarai, ya sa tocilarsa a aljihu ya fita ta inda ya shigo.

Bayan kwana huɗu Madam ta kira ni. Ta ce ba za ta zuba jarin ba, amma ba ta ce har abada ba, in na gwada da garin kasuwa sau arba'in ya fito, in dawo. Ta ce a ganinta sa'a na yi, don da an gina wurin sannan aka gano, da sunana ya tafi tare da kuɗin mutane. Ban ji daɗin jin haka ba ko kaɗan, ko da yake na san gaskiya ta faɗa. Tallafina ya ƙare a ƙarshen watan. Na sallami mutum takwas, na mayar da makullin sito, na koma koyarwa. Dogo ya samu aikin tuƙa motar kai kaya, kuma har yau in mun haɗu sai ya ba ni haƙuri, alhali ni ce ya kamata in ba shi, don bakina ne ya sa su ɗaukar rariya.

Wata biyar ban taka gidanmu ba. Ina kiran Umma a waya, in ta ce ga Babanki sai in ce ana jirana a aji. Na san ba shi da laifi, sanin hakan ma shi ya fi ba ni haushi. Rannan Umma ta zo gidana ba sanarwa, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu.

"Fushin ya isa haka," ta ce. "Babanki ya ajiye aiki. Matar nan ta zo har gida sau biyu, ya ce ya gama. Ni kuma ya dawo ya addabe ni, jiya har firij ya kwance min, lafiyarsa ƙalau."

Washegari da yamma na je. Na same shi a baranda ya baza sassan wata fanka a kan jarida. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi mijina da yara. Na zauna a gefensa na dama.

"Baba, me ya sa ka bar aikin? In don ni ne, ka koma. Abin da ka rubuta gaskiya ne."

"Na san gaskiya ne," ya ce. Ya ci gaba da goge wani ƙaramin ƙarfe da tsumma. "Auta, kin san yaushe na ga rariyar nan?"

"Ranar Laraba."

"Litinin. Ban yi minti biyar da shiga ɗakin ba na tura ƙofa na gan su, ga baƙin gari maƙale a waya. Tun a nan na gama aikina. Da wurin wani ne, da na juya na koma gida na rubuta."

"To me ka tsaya yi har kwana uku?"

"Neman yadda za a yi in zama na yi kuskure. Na kwance famfo ko zan samu wani dalili. Na karanta littafinku kaf ko zan ga inda kika san da abin, kika yi masa shiri. Har addu'a na yi a ce rariyar ta wani aikin ce daban." Ya ajiye tsumman. "Shekara goma sha biyu ina shiga wuraren mutane, in ga abu ɗaya in fito, in ce na gama. Ban taɓa tsayawa in nemi yadda za a yi mai wurin ya zama shi ne mai gaskiya ba. Yawancinsu na san ban zalunce su ba. Amma akwai biyu ko uku da yanzu nake ta juya su a raina, ban sani ba, da na ƙara kwana ɗaya ko da na ga wani abu daban."

Na ce ai ya ceci kuɗin mutane da yawa, ya kamata ya tuna da wannan.

"Ina tunawa," ya ce. "Amma ke na ba ki kwana uku. 'Ya'yan mutane awa biyu na ba su, su ma kuma suna da iyaye."

Na zo ne da niyyar in yafe masa, sai na tarar ba ta ni yake ba. Hawaye suka zubo min, ban goge ba, shi ma bai ce in daina ba. Ya miƙo min murfin fankar ya ce in riƙe masa da kyau, hannunsa ya fara rawa kwanan nan, ba ya iya sa ƙananan kusoshi shi kaɗai.